Kaset ɗin da Ya Dawo daga Beirut

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. 'Yar'uwar da ta aiko tana cewa in ji tsoron Allah in daina zargin bawan Allah, saƙonki ya iso. Ki karanta na yau tukuna, in da sauran wa'azi a bakinki sai ki aiko.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ce Zakiya 'yar Malam Na'ibi, haifaffiyar Kurayyat a kudancin Jidda. Shekarata ashirin da ɗaya a wannan shekara ta 1393 ta Hijira, ina koyar da 'yan aji uku a makarantar 'yan mata. Abin da nake kaɗawa sunansa cello. Goge ne babba, tsayinsa ya kusa kafaɗata, a zaune ake jingina shi da ƙirji a ja masa baka. Umma ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanki da guga a gidan wata Ba'armeniya, Madam Anahid, matar wani injiniya, ni kuwa tun ina 'yar tara nake bin ta. A can na koya. Bara aikin mijinta ya ƙare suka koma Beirut, inda take koyarwa a sashen kiɗa na wata jami'ar 'yan mishan. Ta bar min tsohon cellonta, ta kuma nema min gurbi. Sharaɗin jami'ar ɗaya ne: in kaɗa waƙoƙi biyu da suka zaɓa, in ɗauka a kaset, in aika kwamiti ya saurara.

Kun san yadda unguwa ta ɗauki maganar. Gogen Nasara, makarantar da ake buga ƙararrawar coci, 'yar na'ibin masallaci. Matan da ba su taɓa tambayata me nake koya wa 'ya'yansu ba, su ne suka yi ta sintiri gidanmu suna yi wa Umma jaje kamar an yi mutuwa. Abin da ke ƙona min rai ke nan da mutanenmu. Kakata ta taso daga Haɗeja da ƙafa, shekara bakwai tana hanya ta Sudan, ta haihu biyu ta binne ɗaya kafin ta ga teku. Yau jikarta za ta yi tafiyar awa uku a jirgin sama, an ce ta yi nisa. Muna nan muna ɗaukar kayan wasu a tashar jirgin ruwa, muna wanke tufafin wasu, in ka yi magana a ce halas, wato zance ya ƙare, rabonmu ke nan.

Baba bai hana ba, bai kuma bari ba. Ya karanta takardar da jami'ar ta rubuta cewa ba a tilasta wa Musulmi shiga coci, ya ninke ta, ya ce shi tunda ya riga ya yi wa Abdulghani alkawarin aurena, magana ta koma kan sharaɗi biyu: in jami'ar ta ɗauke ni, kuma Abdulghani ya yarda ya jira, ba zai tsaya a hanya ba.

Abdulghani ni na zaɓe shi, kada wata ta ce an tilasta min. Dogo ne, farar taubarsa, wato jallabiya, kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga, yana da shagon rediyo da kaset a Balad, tsohon cikin gari, kusa da Bab Sharif. Rabin cinikinsa daga mutanenmu ne da ba su iya rubutu ba. Akwai ɗan ɗaki a bayan shagon da ya lulluɓe bangonsa da barguna, nan tsofaffi ke zama gaban makirfo su yi gaisuwa da kuka da rabon saƙo, a naɗe kaset ɗin a ba alhazan da suka makara su kai Kano ko Maiurno. Kuma shi ke da akwatin gidan waya. Gida ashirin a layinmu, duk wasiƙunmu ta lambarsa suke zuwa.

Ranar da Baba ya tambaye shi, ko numfashi bai ja ba. Ya ce shekara huɗu ba komai ba ce, ilimi ai ba a tsayar da shi. Baba ya yi ta sa masa albarka. Ni ina bayan labule da tiren shayi, mamaki ya kama ni. Mutumin da ya yi kwana uku yana min fushi don na je bikin abokiyar aikina a Aziziyya ban gaya masa ba, shi ne zai ba ni Beirut shekara huɗu a cikin numfashi ɗaya?

Amma ya yi duk abin da mai goyon baya zai yi. Shi ya ɗauko babban musajjil ɗinsa na shago, wato na'urar ɗaukar magana, ya hau da shi ɗakin sama da tsakar rana lokacin da unguwa ke barcin zafi. Muka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Sau shida ina sakewa, zufa na ɗiga daga haɓata kan katakon, Umma na zaune bakin ƙofa da carbi. Da na shida ya yi, ya ciro kaset ɗin ya nuna min wasu 'yan harsuna biyu na roba a ƙeyarsa. Ya ce in an karya su, maɓallin ɗauka ba zai ƙara dannuwa ba, ko wane ne ya gwada. Da tsinken gashina na karya su da hannuna.

"Halas, ya Abla," in ji shi, don haka yake tsokanata da sunan da ɗalibai ke kirana. "Yanzu ko aljani bai isa ya taɓa miki shi ba."

Washegari ina da makaranta, sai na ba Umma ta miƙa masa a shago in ta shiga kasuwa, shi kuma ya kai gidan waya.

Mako bakwai shiru. Duk Juma'a bayan la'asar zai zo da basbusa, wainar zaƙin nan ta Larabawa, a takarda, ya zauna a tabarmar tsakar gida, in tambaye shi, ya buɗe tafukansa ya ce akwati wayam, sai takardun kamfanin batir. Ya ce Turawa ba sa gaggawa. Ya ce wataƙila alheri ne. Sai na lura ya fara kawo wasu maganganu: wani gida da ya gani a Aziziyya mai ɗaki uku da famfo a ciki, wani tela da ya iya labule. Mai shirin jiran shekara huɗu me ya haɗa shi da labule? Na riƙe a raina, ina dai kallon yadda idonsa ke zamewa duk lokacin da na ambaci akwati.

Ranar Talatar nan ina cikin aji mai gadi ya aiko wai an bar min saƙo. Wani ɗan Labanan mai kantin magani ne ya dawo daga hutu, Madam ta ba shi hannu da hannu. Ƙunshi ne ƙarami: wasiƙa da kaset. Kaset ɗina.

A tsaye na karanta, bayan allo. Ta ce wannan ce wasiƙarta ta uku, biyun farko ta akwatin Abdulghani ta aiko, ba ta ji amsa ba. Ta ce kwamiti ya zauna, mutum biyar, aka kunna kaset ɗin, sai ga muryar wata dattijuwa tana magana da harshen da babu mai ji a cikinsu, kusan rabin awa, sai a can ƙarshe aka ji cello na minti biyu. Ita ta gane muryar Larai ce, mahaifiyata. Ta roƙe su, saboda minti biyun nan, suka ƙara min lokaci zuwa ƙarshen wata. Mai kantin maganin yana da ɗan'uwa da zai tashi ranar Lahadi. In sabon kaset bai bi shi ba, gurbin ya tafi ga wani.

Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Na dawo gida, Baba yana masallaci, Umma ta kwanta. Na ɗauki ƙaramin musajjil ɗin da muke jin karatu da shi na hau sama na rufe ƙofa. A raina na riga na gama shari'a: sun haɗa baki, uwata da saurayina.

Sai ga muryarta, da irin gyaran muryar da take yi in za ta yi wa manya magana.

Ta yi sallama. Ta gaida shugaban makaranta da iyalinsa, ta gaida malamai maza da mata, ta tambayi sanyin garinsu. Ta ce ita ce Larai 'yar Haladu, kuma yarinyar da za ta zo musu ita kaɗai gare ta mace. Ta ce ina da zafin baki amma ba na ƙarya. Ta ce ba na cin bamiya, kuma in sanyi ya kama ni ƙirjina ke fara toshewa, a ba ni citta. Ta ce ta ji suna da ƙararrawa, ba ta ce su daina ba, gidansu ne, amma don girman wanda suke bauta wa su nuna min gabas ranar da na sauka, su bar min wuri ko faɗin tabarma ne. Daga nan muryar ta karye. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana guga a ɗaki ɗaya tana jin ina kaɗawa a ɗayan, ba ta san sunan abin da nake kaɗawa ba, amma akwai ranar da ta ƙona rigar maigidan saboda ta tsaya saurare. Ta ce amana ce ta ba su. Aka ji ƙarar maɓalli, sai cellona ya shigo a tsakiyar waƙa ta biyu, kamar wanda aka bari a waje ya samu ƙofa.

Na kashe musajjil ɗin. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, kuma rabin kukan haushi ne. Wata shida ina gyara waƙoƙin nan, ga su an binne su a ƙarƙashin bamiya da citta.

Na sauko na same ta ta tashi tana tsince shinkafa. Na ajiye kaset ɗin a gabanta na ce ya dawo. Fuskarta ta washe, ta tambaya ko sun ji gaisuwar. Ko alamar laifi babu a tare da ita. Ta ce ai ba a tura yarinya gidan mutane babu sallamar babba, ko gidan miji ne sai an haɗa ta da mai magana. Da na gaya mata maganarta ta goge kiɗan, ta saki tiren. Ita a saninta kaset kamar jakar matafiyi ce, kowa na ƙara nasa a kai. Haka take gani ana yi in za a aika wa dangi, wannan ya yi magana ya miƙa wa wancan.

Na kusa rungume ta in ce ya wuce. Har na fara jin kunyar zargin da na yi wa Abdulghani. Sai na tuna da tsinken gashina.

Na juya ƙeyar kaset ɗin. Ramukan nan biyu da na karya, an rufe kowanne da ɗan salatif, an yanke shi daidai da bakin ramin, ba ƙari ba ragi. Aikin almakashi ne, aikin wanda ya saba.

"Umma, wa ya danna miki?"

"Abdulghani mana, Allah ya yi masa albarka. Da fari abin ya ƙi dannuwa, ya ce in ɗan jira, ya yi masa dabara."

"Ya gaya miki zai goge?"

Ta kalle ni. Na ga tana komawa ranar a cikin kanta, tana bin ta daki-daki.

"Ce min ya yi in saki jiki, in faɗi duk abin da ke raina, akwai wuri."

Na miƙe. Na sa doguwar rigata mai faɗi da wando a ciki, na ɗora abaya, na sauko da cello daga kan kabad a cikin bargonsa. Umma ba ta tambaye ni ina za mu ba, ta ɗauki mayafinta ta biyo ni. Mai tasi na farko ya ga ƙunshin ya ce shi ba ya ɗaukar gawa. Na biyu ya yarda, muka kwantar da shi a kan cinyoyinmu, wuyansa ya leƙa ta taga har Balad.

Mun iske Abdulghani zai rufe shago don hutun rana. Da ya ga bargon, murmushin da ya taso da shi ya tsaya a rabin hanya. Ya gaida Umma har ƙasa, ya jawo mata kujera, ya ce yau wace rana, Abla da kanta a shagon talaka. Na ɗora kaset ɗin a kan tebur, ƙeyarsa na kallonsa.

Bai musa ba, wannan na ba shi. Ya ce Khala ce, yana nufin Umma, ta roƙe shi da hawaye, shi kuwa ba a haife shi ya ce wa uwa a'a ba. Ya ce niyyarsa ya sa mata ɗaya gefen da babu komai, hannu ne ya kuskure. Na tambaye shi kaset nawa ke bi ta hannunsa a rana. Ya ce yakan kai talatin. Na tambaye shi sau nawa ya taɓa goge wa wata tsohuwa gaisuwarta bisa kuskure. Ya ce Zakiya, kina magana kamar 'yar sanda. Wasiƙu biyu kuwa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce gidan waya ne, kowa ya san halinsu, wasiƙa takan yi wata uku tana yawo.

Na ce to shi ke nan, kuskure ne, kuma ga damar gyarawa. Ya buɗe min ɗakin baya.

Ya kalli titi, ya ce a nan? Tsakiyar Balad, mutane na wucewa, in wani ya ji ya kai wa Malam fa? Na ce bargunan da ke rufe kukan tsofaffi za su rufe ni. Ya miƙa hannu zai saita na'urar, na ce ya bari, na ga yadda ake yi. Na zaɓi sabon kaset daga ƙasan kwali, na yage ledarsa da haƙorina, na saka, na danna da yatsana. Shi na sa shi ya tsaya a waje, ya ja ƙofar shagon rabi.

Ɗakin kamar tanda. Ga warin turaren tsofaffin da suka zauna a kujerar kafin ni. Yatsuna na santsi a kan tsirkiya, zuciyata na bugawa har ina tsoron makirfo zai ɗauka. Na farko na lalata shi tun a layi na uku. Na mayar, na share hannuna a wando, na tuna da rigar da Umma ta ƙona. Na biyu ya tafi tun daga fari har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, kuma ban taɓa kaɗa waƙoƙin nan kamar ranar ba. Na saurare shi duka, gefe da gefe. Na karya harsunan biyu, na cusa kaset ɗin a cikin rigata, a jikin fatata.

Da na fito yana jingine da kanta yana juya 'yan makullansa. Muryarsa ta yi laushi, irin laushin da na fi tsoro.

"Ki aika, ya Abla, Allah ya sa su ɗauke ki. Sai dai kada ki manta sharaɗin Malam biyu ne."

"Ka riga ka yarda a gabansa."

"Na yarda kafin ki shigo min shago da goge ki kira ni maƙaryaci."

To, ga shi a fili. So ya yi Beirut ta ce a'a, shi ya fita da farar taubarsa, Baba na sa masa albarka. Da Beirut ta ƙi yi masa aikin, ya fara neman dalilin yi da kansa. Na buɗe baki zan zazzage masa duk abin da na tara mako bakwai, sai na ji Umma ta yi gyaran murya.

Tun shigowarmu tana zaune a kujerar da ya ba ta, gefen teburinsa, idonta a kan aljihun teburin da bai gama rufuwa ba. Kusurwar wata shuɗiyar ambulan ce ta leƙo.

"Ɗana, jawo min wannan."

Ya ce takardun kamfani ne, Khala, babu abin da ya shafe mu. Ya matsa ya tokare aljihun da cinyarsa.

"Ni ban iya karatu ba," in ji Umma, "amma wannan kan sarkin mai hoton itace na san shi. Shekara goma sha ɗaya ina ciro irinsa daga aljihun mijin Madam kafin in jiƙa wando. Jawo."

Masu karatu, ban taɓa jin ta yi wa namiji magana da wannan muryar ba. Ya kalle ni, ya kalli ƙofa, ya kalle ta. Ta gyara zama, ta ajiye jakarta a ƙasa kamar wadda ta zo yini. Aka kira la'asar a masallacin kusa, babu wanda ya motsa a cikinmu. Sai da ladan ya kai ƙarshe sannan ya jawo aljihun.

Guda biyu ne, da sunana a kai da rubutun Madam. An yanke bakin kowacce a miƙe, tsaf, da almakashi.

Umma ta karɓa ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba. Ta tashi, ta kama ƙasan bargon cello, ta ce in kama wuyan. Muna bakin ƙofa ya yi magana a bayanmu, ya ce shi ma yana da abin faɗa, kuma bayan magariba zai je ya samu Malam.

Umma ta juyo, ta gyara mayafinta.

"Je ka, ɗana. Ka same shi a masallaci. Ni a ɗakinsa nake kwana shekara talatin."

Muka fita da gogenmu muna neman tasi, kaset na manne da ƙirjina, saura kwana biyar Lahadi.